Waƙoƙin baƙin ciki: tambayoyi da amsoshi kan abin da ke sa waƙa ta sa mutum hawaye

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu sauraro da matasan mawaƙa a nan Zariya, tun daga ɗaliban Samaru da Kongo har zuwa yaran da ke koyon fiyano a situdiyoyin Sabon Gari da Tudun Wada. Wasu amsoshin na mai sauraro ne, wasu na mai son yin waƙar da kansa.

Wace waƙa ce ta fi kowace baƙin ciki a duniya?

Ba a yi sikelin auna hawaye ba tukuna, amma akwai waƙoƙin da duk inda aka yi wannan musu sai sunansu ya fito.

Akwai Tears in Heaven ta Eric Clapton, ɗan Ingila, wadda ta fito a 1992. Ɗansa Conor, mai shekara 4, ya faɗo ta taga daga hawa na 53 na wani bene a birnin New York a watan Maris 1991. Uban ya zauna da wani marubucin waƙa, Will Jennings, suka tsara ta. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne babu kururuwa a cikinta ko kaɗan, tambaya kawai uba yake yi, ko yaron zai gane shi in sun haɗu a can. A 2004 Clapton ya daina rera ta a gaban jama'a, sai bayan shekaru ya koma mata.

Akwai Strange Fruit ta Billie Holiday, 1939, a kan baƙaƙen fatar da ake ratayewa a bishiya a kudancin Amurka. Wani malamin makaranta, Abel Meeropol, ya rubuta ta. Kamfanin da Holiday ke wa aiki, Columbia, ya ƙi ɗaukarta, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Commodore ya ɗauka. A gidan da take rerawa, Café Society, an kafa mata ƙa'ida: ita ce waƙar ƙarshe, masu kai abinci su tsaya cak, a kashe duk fitilu sai guda ɗaya a kan fuskarta, in ta gama kuma ba ta dawowa ko an yi ta tafi.

In kuwa ra'ayinmu ake nema, Hurt da Johnny Cash ya rera a 2002 ta sha gabansu. Asalinta ta Trent Reznor ce, na ƙungiyar Nine Inch Nails, ya fitar da ita a 1994 yana saurayi, a kan shaye-shaye da cutar da kai. Cash ya ɗauke ta yana da shekara 70, ciwo ya ci ƙarfinsa, muryar na rawa. Kalmomin kusan ba a taɓa su ba, amma a bakin tsoho sai suka koma lissafin mutumin da ya hango kabarinsa. Ka kasa kunne wajen amshi: akwai maɓallin fiyano guda ɗaya da ake ta bugawa, shi kaɗai, yana ƙara ƙarfi har sautin ya fara fashewa. A bidiyon ana nuna matarsa June a tsaye kan matakala tana kallonsa, a ƙarshe ya rufe murfin fiyano ya shafa shi da tafin hannu. June ta rasu a watan Mayu 2003, shi ya bi ta a Satumba.

Gaskiya ne akwai waƙar da ke kashe wanda ya saurare ta?

Gloomy Sunday ake nufi, kuma labarin an zuba masa gishiri. Rezső Seress, ɗan ƙasar Hangari, shi ya tsara kiɗanta, aka fitar da ita a 1933, László Jávor ya yi mata kalmomin da aka fi sani. Jaridun lokacin sun yi ta danganta ta da mutanen da suka kashe kansu, sai dai shekarun nan na karayar tattalin arzikin duniya ne, yunwa da rashin aiki sun riga sun gallabi mutane, kuma ba a taɓa tabbatar da cewa waƙar ce sanadi ba. Abin da ya tabbata: Billie Holiday ta rera ta da Turanci a 1941, BBC ta hana sa ta a rediyo saboda kada ta karya wa mutane gwiwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba a ɗage hanin ba sai 2002. Seress kansa ya kashe kansa a 1968, wannan ne ya ƙara wa labarin kuzari. Waƙa ba ta kisa. Amma wanda ya riga ya nutse tana iya ƙara masa nauyi, akwai bayani a kan haka a ƙasa.

Me ke cikin kiɗan da ke taɓa mutum ko da ba ya jin harshen?

Kiɗan baƙin ciki kwaikwayon mutumin da ke cikin baƙin ciki yake yi. Ka lura da wanda aka yi wa rasuwa in yana amsa gaisuwa: a hankali yake magana, muryar ƙasa-ƙasa, ba hawa da sauka sosai, ƙarshen kowace magana sai ta faɗi, kuma yana yawan yin shiru a tsakani. Duk waɗannan ana iya sa su a kiɗa.

Na farko saurin bugu. Yawancin irin waƙoƙin nan suna tsakanin bugu 60 zuwa 80 a minti, daidai da bugun zuciyar mutum yana zaune. Someone Like You ta Adele, 2011, wajen 67 take. Na biyu karin da ke gangarowa. A kiɗan Turawa akwai wata tsohuwar dabara ta sautuka huɗu masu sauka a ɓangaren bes, wato sautin ƙasa mai kauri, misali A, G, F, E, an fi shekara 300 ana amfani da ita wajen waƙar makoki. Na uku ƙarancin kayan kiɗa. Waƙar Adele ɗin nan fiyano ne da murya kawai, ko ganga babu.

Na huɗu ya fi wuyar bayani amma shi ne maƙogwaron abin. Mawaƙi ya sauka a kan sautin da bai dace da kiɗan da ke ƙarƙashinsa ba, ya ɗan jinkirta a wurin, sannan ya zame taki ɗaya ya faɗa kan wanda ya dace. Kunne na jin matsi, sai kuma ya ji an sake shi. A 1991 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, John Sloboda, ya tambayi mutane su nuna masa daidai wurin da kiɗa ya sa su hawaye, ya tarar mafi yawan wuraren na ɗauke da wannan salo. Mai goge na ƙwarai yana yin haka ba tare da ya san an ba shi suna ba: yatsa ya zame a kan tsirkiya, ya yi kamar ba zai isa ba, sannan ya isa.

Dole ne sai an buga da maino?

A'a, kuma a nan masu koyo da yawa ke ɓata. Ga bambancin a kan fiyano: ɗora babban yatsa a kan C, na tsakiya a kan E, ƙarami a kan G, wannan mejo ne. Ja yatsan tsakiya zuwa baƙin maɓallin da ke hagunsa, ka bar sauran biyun, ka samu maino. Maɓalli ɗaya tak aka canza, amma sai ka ji kamar hadari ya rufe rana. Shi ya sa ake cewa maino na baƙin ciki ne.

Sai dai Tears in Heaven a mejo take. Someone Like You a mejo take. Everybody Hurts ta R.E.M., 1992, ita ma haka. Kuma ka je gidan biki ka ji yawan waƙoƙin rawa da aka gina a kan maino, ba wanda ke kuka. Maino yaji ne a miya. Saurin bugu da murya da kalmomi su ne tuwon.

Larabawa kuma nasu tsarin daban ne. Suna da maƙamai, wato jerin sautukan da suke gina kari a kai, kuma wanda suke dangantawa da baƙin ciki shi ne Saba, wanda ke da sautin da ke faɗawa tsakanin maɓallai biyu na fiyano. Fiyanon da ba a yi masa saitin Larabawa ba ba zai fitar da shi daidai ba, komai ƙwarewar mai bugu.

Me ya sa waƙoƙin baƙin ciki na Indiya suka fi shiga Bahaushe?

Sabo ne da kuma kamanni. An daɗe ana kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa, kuma damuwarsu irin tamu ce: auren dole, maraici, uwa da ɗa, talaka da ya so 'yar mai kuɗi. Sarewarsu na tuna wa kunne sarewar Fulani, sarangi kuma ɗan'uwan goge ne. Su ma suna da tasu da ta shiga tarihi: a watan Janairu 1963 Lata Mangeshkar ta rera Aye Mere Watan Ke Logon a Delhi don sojojin da suka mutu a yaƙin Indiya da Sin na 1962, firaminista Nehru na wurin, ya zubar da hawaye.

To mu Hausawa fa, muna da namu?

Muna da su, sai dai ba mu ware musu akwati guda muka rubuta "baƙin ciki" a jiki ba. A warwatse suke.

Mutumin Zazzau ba ya buƙatar a kai shi nesa. Malam Aliyu Namangi, makaho ne tun yana yaro, ya bar mana Imfiraji, wadda aka buga a nan Zariya, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Baitocinta a kan ruɗin duniya da mutuwa da kwanciyar kabari ba su da kiɗa ko ɗaya, murya ce kawai da kari. Wanda ya taɓa jin makafi na rera ta a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ɗaya na ja sauran na amsawa, ya san ba sai da fiyano ake sanyaya jikin mutum ba.

Akwai marsiyya, wato waƙar ta'aziyya, wadda malamai suka gada daga Larabawa. Al-Khansa ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr, Nana Asma'u ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Akwai Ɗanmaraya Jos, Adamu Wayya, wanda sunansa ma ya gama faɗin labarinsa, ya rasa uba da uwa tun yana ƙarami. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce, amma da ita ya yi wa talaka waƙa, irin su karen mota da ke kwana a ƙarƙashin mota, har ya rasu a 2015. Akwai waƙoƙin niƙa da na daka, inda mace ke amayar da abin da ba ta isa ta faɗa wa miji ko uwar miji ko kishiya ido da ido ba, dutsen niƙa ya zama ganga. Akwai waƙoƙin kai amarya, waɗanda ƙawaye ke rerawa da gangan don amarya ta yi kukan rabuwa da gida.

Na zamani kuma su ne waƙoƙin soyayya na finafinan Hausa da na albam: yaudara, rabuwa, an ba wani ita, kewa. Akwai masu kyau sosai a ciki. Matsalar da yawansu ita ce kalmomin na cewa zuciya ta ƙone, kiɗan kuwa na cewa a taso a yi rawa.

Amma ai akwai waƙar rawa da ke sa kuka?

Akwai, kuma Afirka ta ƙware a nan. Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, 1976, kiɗan nishaɗi ce daga farko har ƙarshe, amma ka sa ta kusa da wanda bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba ka gani. Fela Kuti kuma, bayan sojoji sun ƙone gidansa a Legas a watan Fabrairu 1977, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978, ya yi Coffin for Head of State da ganguna da ƙahonni. Bambancin shi ne waɗannan sun san abin da suke yi. Fela fushi ya haɗa da makoki, kiɗan fushin ne. Wanda kawai ya ɗora kalmomin rabuwa a kan kiɗan biki don shi ne a ajiye a kwamfutar situdiyo, wannan kasala ce.

Me ya sa mutum ke jin daɗin abin da ke sa shi kuka?

A 2014 masu bincike biyu a Balin ta Jamus, Liila Taruffi da Stefan Koelsch, sun tambayi mutum 772 abin da suke ji in suna sauraron kiɗan baƙin ciki. Amsar da ta fi yawa ba baƙin ciki ba ce, begen abin da ya wuce ne. Mutum na samun damar taɓa ciwon ba tare da sabon rashi ya same shi ba, kuma yana jin akwai wanda ya riga shi shiga irin halin. Shi ya sa za ka tarar da mai shayi a Kwangila ƙarfe ɗaya na dare, ciniki ya lafa, ya rage wutar risho, ya sa waƙar rabuwa a ƙaramar sifika yana wanke kofuna. Ba wani abu ya same shi ba, hira yake da zuciyarsa.

Yaushe sauraron ke zama matsala?

Ka auna da yadda kake tashi bayan waƙar ta ƙare. In ka ji sauƙi, ka share ido ka kama harkarka, ta yi aikinta. In kuwa waƙa ɗaya kake ta maimaitawa sau 20, kana komawa kan tunani guda, kana ƙara jin kai ba kowa ba ne, to ta koma turmi tana daka ka. Masu yawan saƙe-saƙe su ne suka fi faɗawa wannan rami.

Dabara mai sauƙi ita ce ka jera waƙoƙin da kanka maimakon ka bar waya ta zaɓa maka. Fara da biyu ko uku da suka dace da halin da kake ciki, sannan masu matsakaicin bugu, ka ƙare da masu ɗaga rai. Ka cire maɓallin maimaitawa. Kada ka kwanta da abin sauraro a kunne.

In an kai mako 2 barci ya ƙi, abinci ya fita rai, karatu ko sana'a sun tsaya, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, wannan ya wuce maganar waƙa. Ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi a ranar, kuma a ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na masu irin wannan lalura a Barnawa, Kaduna. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani.

Za a iya sa irin waƙoƙin nan a gidan rasuwa?

A al'adarmu a'a. Zaman makoki na addu'a ne da gaisuwa. Abin da ka gani a talabijin lokacin da Elton John ya rera Candle in the Wind a jana'izar Gimbiya Diana a 1997 al'adarsu ce. Waƙar ta'aziyya a wurinmu daga baya take zuwa.

Ina son rubuta tawa. Ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, fara da haramta wa kanka kalmomi huɗu a baitin farko: hawaye, zuciya, ƙunci, raɗaɗi. An tauna su har sun salance. Nemo abu guda da ido ke gani: takalmin da har yanzu ke ƙofar ɗaki, lambar da ka kasa gogewa a waya, kwanon da aka daina zuba wa tuwo. Mai sauraro shi zai kawo hawayen daga gidansu, kai dai ka ba shi wurin zubawa.

Mutum ɗaya za ka yi wa magana, da "ke" ko "kai", kada ka yi wa duniya huɗuba. Amshi kada ya wuce layi 2 zuwa 4. Ƙafiyar da ke ƙarewa da dogon wasali ta fi, don ana iya jan ta. Gajeren wasali in ka ja shi, kalmar ta lalace.

Sai babban tarkon da Bature ba shi da shi: Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka ta zubar hawaye gaɓoɓinta biyu duk sama suke. In karin waƙarka ya faɗo a gaɓar ƙarshe, ka koma kiran kukar miya. Haka wuya ta wahala, daga ƙasa take hawa sama, in ka juya ta ka koma maganar wuyan da ake rataya sarƙa. Tunda waƙar baƙin ciki gangarowa take so, wannan karo na yawan faruwa a ƙarshen layi. Maganinsa: karanta layin da baki kamar kana magana, ka ji inda muryar ke hawa da sauka, sannan ka gina karin a kai. In sun ƙi jituwa, canza kalmar, kada ka tanƙwara ta.

Ga lissafin tsawo. A bugu 70 a minti, waƙar minti 4 na da bugu 280, wato gida 70 in kowane gida bugu huɗu ne. Kana iya raba su haka: buɗewa 4, baiti 16, amshi 8, baiti na biyu 16, amshi 8, sarewa ko goge shi kaɗai 8, amshi na ƙarshe 8, rufewa 2. Ka ga baiti biyu kacal ke da wuri. Wanda ya zo da baiti shida sai dai ya ƙara sauri, sauri kuma ya kashe waƙar.

A situdiyo me ya kamata in ce wa mai haɗa kiɗa?

Ka ce masa a fara da fiyano da murya kawai. In waƙar ba ta taɓa kowa a haka ba, ƙarin kaya ba zai cece ta ba. Ganga ta jira har amshi na farko ko baiti na biyu, kuma mai taushi.

A sauke waƙar da taki 2 ko 3 daga inda ka saba rerawa, akwai maɓallin yin haka a yawancin fiyanon lantarki irin na Yamaha. Muryar ƙasa ta fi kama da magana. Tsaya kusa da makirufo, kamar santimita 10 zuwa 15, da tacen iska a tsakani, ka rera a hankali kamar mai gaya wa mutum ɗaya sirri. Kusancin na ƙara wa murya kauri, amma yana ɗauko duk wani motsi, don haka a kashe fanka, in janareta ake amfani da shi a nisanta shi a rufe ƙofa. Dare ya fi, lokacin da babura suka ragu a titi.

Auto-Tune, manhajar da ke daidaita sautin murya, shi ne babban mai kisan kai a nan. In aka matse shi har ƙarshe, yana goge zamewar nan da 'yar rawar murya waɗanda su ne ke sa kuka, ya bar maka muryar na'ura. A sassauta saurinsa, ko a gyara wuraren da suka kauce kawai da hannu. Kada a yanke numfashin da ke tsakanin layuka. Amsa-kuwwa ta tsaya tsakanin daƙiƙa 1.5 da 2.5, in ta wuce haka kalmomi na narkewa cikin juna, baƙaƙe irin su ƙ da ts su ɓace. A ɗauki waƙar sau 3 ko 4 daga farko har ƙarshe, a zaɓi wadda ta fi rai ko da tana da ɗan tabo. Kukan ƙarya kuwa a bar shi, kunne na gane shi nan take.

Me ya sa waƙar ta yi daɗi a situdiyo, amma a waya ta zama fanko?

Sifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa, kusan duk abin da ke ƙasa da haz 200 a ma'aunin kaifin sauti ɓacewa yake. In nauyin waƙarka a kan bes da hannun hagu na fiyano ya dogara, a waya sai a ji murya tsirara. A matsar da hannun hagu sama da zango ɗaya, wato daga C zuwa C na gaba, ko a ƙara jita ko garaya da za ta riƙe tsakiya. Abu na biyu, wuraren da ka yi raɗa suna nutsewa a cikin hayaniyar bas ko kasuwa, don haka a ɗaga su da hannu layi-layi maimakon a matse waƙar gaba ɗaya ta zama ƙarfi ɗaya. Na uku, duk lokacin da aka sake juya waƙa zuwa MP3 ingancinta na raguwa. Ka karɓi asalin fayil ɗin WAV, wanda ba a matse shi ba, ka adana, ka fitar da MP3 mai 320, wato mafi inganci, daga gare shi. Kafin ka biya cikon kuɗin situdiyo, tura waƙar a ƙaramar waya mai maɓallai, ka fita bakin titi ka saurara. In kana jin kowace kalma ta baitin farko a wurin, a rufe aikin.